Hanyar Washukanni

Shekara talatin da ɗaya maigidana, Malam Datti, yana lodin motoci a tashar Jabi. Daga Zariya ya zo da jaka ɗaya da bakinsa. Jakar ta daɗe da yagewa, bakin kuwa yana nan daram. Taƙamarsa ɗaya ce: babu garin da za ka ambata bai gaya maka motar da za ka shiga da inda za ka sauka ba. Direbobi har Oga Taswira suke ce masa. Ni da nake aurensa ban taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa ba, ko da a kan inda ya ajiye hularsa ne.

Wata Asabar 'yarmu Kauthar, mai karatun tarihi a jami'a, ta kai masa abinci tasha. A gaban direbobi ta ce, "Baba, ina hanyar Washukanni?"

Ya gyara hula. "Bayan Karshi ne." Sai kuma ya ɗaga hannu. "Dakata. Ba ni kwana uku."

Wallahi na ga ta kaina. Tuwo ya ƙi ci, ya bi direbobin Lakwaja da na Jos da tambaya. Wani ya ce wataƙila ruga ce. Na ji haushin yarinyar nan, shi kuma ya ba ni tausayi, don sunan nan shi kaɗai ya tara a Abuja.

Ranar Talata na bi Kauthar tashar. Ya tsaya a gaban kowa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Kauthar, ban sani ba."

Ta yi dariya ta riƙe hannunsa. "Baba, ka ci, amsar ke nan. Babban birnin daular Mitanni ne, ta mutanen Hurri, can wajen arewacin Siriya, shekara fiye da dubu uku da suka wuce. Sarakunanta har da Fir'aunan Masar suka yi surukuta. Amma har yau masu tonon tarihi ba su tabbatar da inda birnin yake ba."

Ya ce, "Har farfesoshi?"

"Har su, Baba."

Ya juya wajen direbobi, kafaɗa ta dawo daidai. "To kun ji. Amsarmu ɗaya da farfesoshi."

Da muka koma gida na tambaye shi inda ya bar kwanon abincin ranar Asabar. Ya kalle ni hankali kwance, har da murmushi, ya ce bai sani ba.