Makin Intanet Ya Sa Na Kira Aminina Macuci

A wancan lokaci ina da ɗan shagon kwamfutoci na hannu a Illela, ga rawar kai, ga ganin na fi kowa wayewa. Mai kawo mini kaya daga tsallaken iyaka aminina ne tun ƙuruciya. Bai yi boko mai nisa ba, amma ba a taɓa dawo mini da kayansa ba.

Sai na gano wani shafi a intanet mai auna ƙarfin kwamfuta. Ka sauke manhajarsa, ta wahalar da na'urar na 'yan mintuna, ta ba ta maki, sannan ka kwatanta da makin ire-irenta. Wallahi tun ranar na daina yarda da bakin kowa, sai maki.

Wata Lahadi, kasuwa ta cika, ya kawo mini wata laftof mai tsada. Babu wuta, rana ta take, na auna ta a kan batir. Makin ko rabin na shafin bai kai ba. Na sake har sau uku. Nan zuciyata ta fara haɗe-haɗe: ga wani noti da ya ɗan goge, ga kwana ɗaya da ya ƙara a hanya, ga sabon babur da ya saya. Ashe haka wanga mutum yake? Ban ja shi gefe ba. A gaban maƙwabtan shago na ce ya buɗe ta ya musanya kayan cikinta. Ya tambaye ni mi na gani, na juya masa fuskar kwamfutar, alhali na san ba ya karanta Turanci. Ya rantse da Allah bai taɓa ta ba, na ce lamba ba ta ƙarya. Kafin la'asar, mutum biyu sun mayar masa da kayansa.

Ranar Alhamis aka kawo wuta. Na jona caja, na kira wani mai gyara don in nuna masa cutar da aka yi mini. Da na sake auna ta, sai makin ya haura cif, daidai da na shafin. Innalillahi! Mai gyaran ya ce ai laftof tana rage ƙarfinta in tana kan batir, balle da zafi, kuma shafin ma ya gargaɗi mutum ya jona wuta kafin awo. Ban karanta ba.

Na ɗauki kawuna muka je gidan aminin nawa, kunya kamar in nitse. Ya ce ya yafe don Allah, amma in bi shago shago in janye maganata. Na bi. Sai dai 'yan cin kasuwar da suka ji zargin sun watse garuruwansu tun ranar kasuwa, ban san inda zan same su ba. Yanzu Sakkwato yake kai kayansa.

Jama'a, awon nan yana da amfani, ban hana ku ba. Amma ku koyi yadda ake yinsa, kuma in zargi ya shige ku, ku kira mutum ku biyu kawai. Kwamfutar na sayar da ita cikin mako guda. Shi kuwa har yau akwai masu cewa a yi hattara da kayansa, kuma daga bakina suka ji.