Dattawan Unguwarmu Sun Tura Ni

A shekarar da sojoji suka koma bariki kawuna ya ba ni motarsa. Tsohuwar motar tsere ce, ja, mai ƙofa biyu, wadda ya zo da ita daga Amurka bayan karatunsa, ta daɗe a cikin tamfol. Ya ce ni kaɗai na taɓa zama na karanta littafinta har ƙarshe, don haka ni zan riƙe ta. Ina ɗalibi a lokacin, ko a aji ba a cika jin muryata ba, sai ga ni da motar da salansarta ke firgita awaki tun daga Ƙofar Sauri.

Na kula da ita iyakar iyawata. Na juye baƙin mai, na kankare filogi takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, na sa bakanike ya wanke kafireta ina tsaye a kansa. Abu guda ya gagare mu: ba ta son tsayuwa. In tana gudu lafiya lau, in an bar ta a sulo, tana tsaye inji na aiki, sai lagireto ya fara tafasa, in kuma an kashe ta da zafi ba za ta tashi ba sai ta huce.

Hanyar gidanmu a Ƙofar Durbi ta gaban majalisar dattawa take bi, cikinsu har da malamin da ya koya mini karatun allo. Gaisuwarsu ba a yin ta a gurguje. Saboda tsoron lagireto sai na koma ɗaga musu hannu ina wucewa. Ba a jima ba magana ta iso wa mahaifiyata cewa ɗanta ya samu mota ya daina ganin mutane. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ni ake kallo, ba kai ba."

Washegari da la'asar na tsaya. Na bar injin a kunne, na fito na durƙusa.

"A'a, yau Ba'amurke ya sauka!" in ji wani Alhaji mai sayar da yadi. "Lahiya dai?"

Malam ya riƙe hannuna. Ya tambayi gajiya, ya tambayi karatu, da mahaifiyata, da ciwon ƙafar kawu, da mutanen makaranta. Ina amsawa kunnena na kan motar, ina jin muryarta tana sauyawa. Yana cikin yi mini addu'a tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet, ruwan tsatsa ya malalo har bakin tabarmarsu. Na ruga na kashe ta.

Lungun ba shi da faɗi, kuma a daidai lokacin jerin motocin 'yan siyasa ya ɓullo a bayana, da lasifika da oda. Na murza makulli, ta ƙi. Malam ya miƙe ya naɗe hannun rigarsa, sauran suka bi shi.

"Malam, don Allah ku bari, ni zan tura."

"In ka tura, wa za ya riƙe mata kai? Mu mi muka sani? Shiga ka zamna."

Na shiga na zauna. Kujerar a ƙasa take, kamar mutum ya kishingiɗa. A madubi ina ganin hular Malam ta karkace, Alhaji yana nishi yana cewa, "Wagga ai giwa ce, ba mota ba." Matasan da ke cikin jerin suna ta shewa, wani ya ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, a ƙara maka fanka?" Sitiyarin ya yi nauyi, zufa ta cika mini ido, haka suka kai ni har inda hanya ta buɗe.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"An ce ka tsaya."

"Na tsaya."

"An ce kuma Malam da ɗingishi ya koma gida."

Ta miƙo mini kwalbar man zafi. Na tafi a ƙasa. Na same shi a zaure ya miƙe ƙafa, na durƙusa na fara shafa masa a gwiwa, na kasa haɗa ido da shi. Shi kuwa sai ya ɗauko gaisuwar daga inda ta katse, ya tambaye ni yaushe za mu fara jarrabawa.