Gidan da ke Bayan Lelya Ginka

Mutumin da ake kira Bai Stoil ya tsufa yana ɗaukar hoto a garin Troyan, har kafaɗarsa ta dama ta karkace don nauyin kyamara. Abin taƙamarsa ɗaya ne: farantin da ke karɓar haske a cikin kyamararsa ƙato ne, shi ya sa fuska ke fita ras, abin da ke baya kuwa ya narke kamar man shanu a kasko. Amare sun so shi don haka, ko bola ce a bayanka sai ta koma lambu. Yanzu amaren duk sun tafi Jamus. Saura tsofaffi masu neman hoton da za a manna a dutsen kabarinsu tun suna raye, kada 'ya'ya su zaɓo wanda suke hamma a ciki.

Rannan wata tsohuwa, Lelya Ginka, ta kira shi ƙauye. An sayar da gidanta, gobe 'yarta za ta tafi da ita. Ta tsaya bakin shinge, ya ɗauka, ya nuna mata.

"Ina gidan?" in ji ta.

"Ga shi nan baya, Lelya."

"Wannan hayaƙin? Stoil, idona ne ya mutu ko naka? Da hannunsa mijina ya ɗora rufin nan. In ba tagogi, kada a manna ni a kabari."

Ya tsuke ƙofar haske don baya ya fito, ga hadari, hoton ya yi duhu. Ya ƙara wa ɗaukar lokaci, kan tsohuwa na rawa, fuska ta zama biyu. Ya ja da baya, ta koma kamar ƙuda.

Ya zauna kan kututture yana murza gwiwa. Can ya laluba aljihu, ya zaro wayar da matarsa ta tilasta masa riƙewa, wadda yake kira madubin 'yammata. Farantinta bai kai farce ba, ba ta iya narkar da komai.

Ya latsa. Ga tsohuwa, ga tagogi, ga rufi, har da tsumman da ke kan igiya.

Ta daɗe tana kallo. "Ashe dai ka iya aiki," in ji ta.

Ya rataya ƙatuwar kyamarar a kafaɗar da ta saba, ya nufi tashar bas. Matarsa kam, ba za ta ji wannan labari daga bakinsa ba.