Igiya a Haƙorin Tsoho

Kowace la'asar ina ganinsa daga bakin kogin Nilu a Giza, tsoho shi kaɗai cikin ƙaramar faluka, jirgin ruwan nan mai ƙyalle da iska ke turawa. Hannunsa na hagu ya shanye. Sandar juya jirgi tana hammatarsa, igiyar ƙyallen kuwa da haƙori yake riƙe ta kafin ya ɗaure.

Duk sa'ad da zai juya, sai ya ɗaga murya wajen goshin jirgin: "Yalla, maza Ishaq, sunkuya, itace na zuwa!"

Babu kowa a wurin. Ko Ishaq ɗin ƙaninsa ne, ko abokin shekara arba'in, oho. Amma tsohon yakan ɗan dakata, daidai yadda mutum zai sunkuyar da kai, sannan ya bar itacen ƙyallen ya wuce.