Ya Gana da Ƙafar Alhaji Bubayero

Kafin rana ta ɗaga, Ya Gana ta riga ta share barandar asibiti, ta ɗora tukunya, ta zuba almakashi da bandeji su tafasa. Sannan ta ja 'yar kujerarta bakin ƙofa, masu miki su jeru: manomin Giade da fartanya ta sare, makiyayin da ƙaya ta karye masa a dunduniya. Shekara ashirin da uku ke nan tana wankin miki a nan Azare, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don idanu sun fara gazawa. Na ce kafin ta tafi bari in ba ku labarin ƙafar Alhaji Bubayero, wanda duk unguwarmu ta gani bara waccan.

Alhaji Bubayero yana da motoci biyu masu kai gyaɗa Kano. In za su dawo, sai ya sa a ɗoro masa akwatunan lemon kwalba. A tsoma a randa ya yi sanyi, Alhaji ya sha biyar, shida a wuni. Kullum ƙishi, kullum zagayawa, jiki kuwa sai zubewa yake. Ran nan ƙusa ta soke shi a yatsan ƙafa. Ciwon da bai kamata ya wuce mako ba ya yi wata biyu, ya fara baƙi, ya fara wari.

Likita ya zo rangadi, ya tafasa fitsarin Alhaji da wani shuɗin magani a 'yar kwalba. Nan take ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya ce ciwon sukari ne, shi ya hana mikin warkewa. Ya ba da magani, ya hana zaƙi, ya ce zai dawo bayan mako huɗu. In ruɓar ta haura idon sawu, Kano za a kai shi a yanke ƙafar daga gwiwa. Ya bar wa Ya Gana wanki da gwajin fitsari kowace safiya.

To, a nan aka samu matsala. Gari duk ya san abin da Alhaji yake so, saboda haka kowane mai dubiya da kwalbarsa yake zuwa. Kun kuwa san halinmu: in an kawo maka abu sai ka taɓa a gaban mai shi, in ba haka ba ka raina shi. Ga Alhaji Bafulatani, kunya ta yi masa yawa. Mutane suna ta zuwa da ƙauna, ƙafa tana ta ruɓewa.

Sa'ar da aka yi, Ya Gana Babarbariya ce, akwai wasan Barebari da Fulani tsakaninta da shi.

Ta ce, "Bawana, jiya kwalba nawa?"

Ya ce, "Ko ɗaya."

"Ga fitsarinka ya tona ka. Ja wur."

"Ke baiwata, wanki aka sa ki, ba shari'a ba. Surukina ne ya kawo. In ce masa ya mayar?"

Ta ce, "Kai ba za ka iya ba. Bar ni da su."

Daga ranar, in ta tashi daga aiki sai ta shimfiɗa tabarma a zauren Alhaji, mabuɗin kwalba ɗaure a bakin gyalenta. Mai dubiya ya yi sallama, ta karɓi kwalbar hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka. Sai ta buɗe ta miƙa masa. "Alhaji ya ce baƙo ba ya shiga wurinsa bai jiƙa maƙoshi ba. Bisimilla." Wa zai ƙi ruwan maraba? Haka manyan 'yan kasuwa suka riƙa shanye dubiyarsu suna harararta. Ba wanda aka mayar wa kayansa, ba kuma kwalbar da ta wuce zaure.

Ran nan wan Alhaji, Malam Hammadu, ya iso daga Jama'are da akwati guda cur. Ya Gana ta dubi akwatin, ta dube shi.

Ta ce, "Malam, yau kana da aiki."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na haye kogi da kayan nan don ƙanena. Ke ce za ki shiga tsakanina da shi?"

Ba ta yi musu ba. Ta kai shi ɗaki, ta kwance bandejin a gabansa. Malam Hammadu ya daɗe yana kallo. Da suka fito ya ce a hankali, "To me zan kawo masa?"

Ta ce, "Zogale da busasshen kifi. Sai addu'a."

An yi kwana goma, amma gwaji bai sauya ba. Baƙin ya cinye yatsa na biyu. Ya Gana ta gane ba ta zaure abin yake shiga ba. Ta nufi cikin gida, ɗakin Goggo Larai, mahaifiyar Alhaji. A nan ba ta yi wasa ba. Ta gaishe ta, ta zauna.

Can Goggo ta ce, "Wancan fa yana kirana, ya ce ƙishi. Ni na haife shi. In toshe kunne?"

Ya Gana ta ce, "Goggo, ba shi ruwa, ko randa guda ne. Amma ƙafar nan ke kika koya mata tafiya. Kada a yanke ta da hannunki a ciki."

Tsohuwa ta sunkuya ƙarƙashin gado ta jawo kwalba bakwai, ta tura mata.

Da likita ya dawo, ya duba, ya ce yatsu biyun sun tafi, sai an cire. Ƙafa kuwa ta tsira. Ciwon bai rabu da Alhaji ba, har yau yana kan magani da ƙa'idar abinci, yana kuma mitar hakan ga duk wanda ya tsaya sauraro.

Ya Gana, ke ce kika ɗauki baƙin jinin da gida guda ya kasa ɗauka. An kira ki marar kunya, an kira ki mai shisshigi, washegari kika dawo da tabarmarki. Ke kika nuna mana cewa mutum yana iya cutar da nasa da hannun da yake masa alheri. Uwar masu miki, mun gode. Allah ya saka miki, ya ƙara wa idanunki haske.

Mu kuma da za mu ci gaba da zuwa dubiya, mu riƙa tambayar abin da ke damun mutum kafin mu tsaya kanti. In kuma gida yana bukatar wanda zai ce a'a, kada kowa ya jira sai Babarbariya ta zo.

Ran Asabar za a raka Ya Gana gida. Direban Alhaji ya ce zai wanke mota a ɗauke ta. Alhaji ya ce a kai ta a motar, amma shi kada a ajiye masa wuri, da ƙafa zai je.