Shuɗin Ɗakin Inna

A layinmu Baba Ɗigo ake ce masa, don duk fentin da ka nuna masa sai ya leƙa bokiti ya ce saura ɗigo ɗaya. Tsoho ne siriri, farcensa bai taɓa zama kala ɗaya ba. A garejin masu fentin mota ya tashi, daga nan ya koma rubuta allunan shaguna, da hannu ya fara yi masa rawa wajen jan harafi sai ya koma bango. Ya fi shekara arba'in a kan aikin. Gwangwani huɗu kawai yake ɗaurawa a bayan kekensa: ja, rawaya, shuɗi da fari. Baƙi kuwa ba ya saye, wai kashe kala yake yi. In yana son duhu sai ya haɗa ja da rawaya da shuɗi su ba shi. Ni dai ban taɓa ba shi aiki ba. Mutumin da zai yini yana kallon bango kafin ya tsoma buroshi, ina zai haɗa hanya da mai gajen haƙuri irina?

Sai ga maganar Inna, mahaifiyata. Sau biyu tana faɗuwa a tsohon gidanmu, likita ya ce kada a sake barin ta ita kaɗai. Da ƙyar da lallami ta yarda ta dawo wurina, da sharaɗi ɗaya: ɗakin da za a sa ta ya zama kalar nata, shuɗin nan mai haske da marigayi babanmu ya shafa da hannunsa. Maigidana ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Ya je ya ɓamɓaro ɓawon fenti daga bangon can, ya kai babban shagon da ke da injin haɗa kala, suka auna suka ba shi daidai. Aka shafa, ya bushe. Na kara ɓawon a jikin bango, ba ka iya bambance su.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan ba shi ba ne."

Na nuna mata ɓawon, na yi bayani har muryata ta fara tashi. Ko kallona ba ta yi ba. Kwana huɗu tana kwana a doguwar kujerar falo, sannan ta ce ranar Asabar a mayar da ita gida, in faɗuwa ce gara ta faɗi a ɗakinta. Na san halin Inna, in ta faɗi magana ta zauna. Tsoro ya kama ni sosai, shi ya kai ni ƙofar Baba Ɗigo.

Ya zo ranar Laraba da safe, ya kife bokiti a tsakiyar ɗakin ya zauna. Rana ta yi tsaka yana nan, ni kuwa ina ta safa da marwa ina cika ina batsewa. Can ya fito falo ya durƙusa gaban Inna.

"Yaya, a can gidan, in kika buɗe taga me kike gani?"

"Mangwaro," ta ce. "Babansu ya shuka shi. Ganyensa har taɓa taga yake."

Ya kira ni, ya buɗe tagar sabon ɗakin. Taku uku a gabanta katangar maƙwabcinmu ce, ja wur. Kullum ina ganin ta, ban taɓa kawo ta a raina ba.

"'Yata, injin bai yi kuskure ba, Yaya ma gaskiyarta ce," in ji shi. "A can haske ta cikin ganye yake ratsowa, sai ya sauka a shuɗi da ɗan kore a jikinsa. A nan katangar nan yake duka kafin ya shigo. Ja in ya hau shuɗi shunayya yake ja. Dubi kusurwar can."

Na duba, sai ga shi kuwa, bangon ya ɗan karkata zuwa shunayya kamar tufafin da wani ya zubar wa kala a wanki. Sai ya miƙo mini murfin jan gwangwani ya ce in zuba masa ido har in ƙirga talatin, sannan in kalli farar takarda. Na yi. Wata da'ira koriya ta bayyana a kan takardar da babu komai a kanta, tana lilo, sannan ta dushe. Na saki baki ina kallon tsohon.

"Idonki ne ya nemo wa ja abokin hamayyarsa," ya ce. "Kowace kala da nata. Kore ke kwantar da ja, shi za mu aika masa."

Ya zuba shuɗi da fari, ya riƙa ɗiga rawaya da tsinke yana juyawa, har kore ya fara fitowa. Maigidana ya leƙa ya ce, "Baba, wannan ai gansakuka ce."

"A bokiti kake ganin sa, ɗana. Ba a bokiti Yaya za ta kwana ba."

Wuri uku ya shafa a bango, kowanne faɗin tafin hannu, ya bar su suka bushe. Washegari ya dawo ya dube su da safe, da rana, da la'asar, don hasken katangar yana sauyawa. Kwana guda cur ya tafi a haka, ni ina ƙirga abin da ya rage kafin Asabar. Ranar Juma'a ya shafe ɗakin gaba ɗaya. Daga ƙarshe ya haɗa ja da rawaya kaɗan cikin fari mai yawa, ya zagaye bakin tagar da shi, wai shuɗi in ya ga ruwan goro a gefensa sai ya ƙara fitowa.

Asabar da safe na riga kowa shiga. Na tsaya ina dube-dube. Ɗakin da na yi rarrafe a cikinsa ne, da sanyinsa da komai, kamar in leƙa taga in ga ganye. Na kara ɓawon tsohon fentin a bango, ko kusa ba su yi kama ba. Har yau abin yana ba ni mamaki, kuma har yau ina jin kunyar yadda na raina tsohon nan.

Na je na riƙo hannun Inna. A bakin ƙofa ta zame hannunta, ta shiga ita kaɗai tana dafa bango. Ta daɗe tsaye tana kallon kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zauna a bakin gado. Na bi ta ciki ina jiran hukunci.

Ta dubi ƙafafuna ta ɓata rai.

"Ke, yaushe kika fara shigo mini ɗaki da takalmi?"