Dawar da ke Cikin Goran Iya

Har yau ba na son warin da ke tashi idan ruwa ya taɓa toka. Ba hayaƙi nake nufi ba. Warin nan ne mai sanyi da ke tashi idan Inna ta kashe murhu da ruwan wanke-wanke. Ƙannena ko jin sa ba sa yi. Ni kuwa da ya bugi hancina sai in tsinci kaina a aji huɗu na firamaren garinmu, ba a kan benci ba, a ƙasa kan tabarma, shekarar da ruwa ya cinye mana gida.

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Rogo, kan hanyar da ke fita zuwa Karaye. Gidanmu yana gangare, kusa da ƙorama. A lokacin shekarata goma, kuma ba ni da baki. Idan baƙo ya yi sallama, bayan rumbu nake laɓewa. Amma ina gani. Na san kazar da ke zuwa yin ƙwai gidan maƙwabta. Na san ranar da kasuwa ba ta yi wa Baba kyau ba tun daga yadda zai jingine kekensa. Shi ya sa kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, ta laƙaba mini mujiya.

"Mujiyata, zo ki zura mini zare," haka take kirana. "Idanu kamar faranti, baki kamar an ɗinke."

A ɗakin Iya akwai wani gora baƙi, rataye a ragaya sama da gadonta. Irin dawa ne a ciki, amma ba irin ta kowa ba. Da ita ta zo daga gidan iyayenta a wajen Fulatan, kuma can ma tuni sun daina shuka ta. Ƙwayarta fara ce da ɗigon ja a gefe, kamar an taɓa ta da lalle. Zangarniyarta ƙarama ce, Baba kullum yana mita a kan haka. Sai dai a bakin fadama, inda ruwa ke kwanciya, sauran dawa takan yi rawaya ta langaɓe, ita tana nan a tsaye. Tuwonta kuma yakan kwana ya wuni bai yi tsami ba.

Kafin girbi Iya takan shiga gona da tsummoki a hannu, ina biye da ita. Duk zangarniyar da ta yi mata sai ta ɗaura mata tsumma. Waɗannan ba mai yanke su sai ita. Da hannu take murje su, ta shanya a faifai, ta cuɗa da tokar da ta tankaɗe saboda ƙwari, ta ɗura a gora, ta toshe bakin da totuwar masara, ta liƙe da laka. Idan damina ta faɗi, rabi take ba Baba. Rabin yana nan.

"Iya, ki ba ni duka mana, gonar ba ta cika ba."

"Idan shukar farko ta ƙi fa? Ka dawo ka shuka gemunka?"

Sauran gonar, Baba yakan cike ta da irin da yake sayowa a kasuwar Karaye, cikin leda, an rina shi da jan magani. Ranar shuka tafin hannunmu yakan yi jawur, ana ta yi mana kashedi kada wanda ya kai yatsa baki.

Ruwan ya fara ne ranar Alhamis bayan azahar, dawa ta kai ƙirji. Da iska ya zo, ta ɗaye rufin kwanon maƙwabtanmu ta jefa shi kan dalbejiya. Bai tsaya ba har wayewar Juma'a. Da hantsi na ga wani abu da ban taɓa gani ba: ruwa yana shigowa ta rariyar da ya saba fita. Ina tsaye ina kallonsa katangar baya ta zauna. Ba faɗuwa ta yi ba, zama ta yi a hankali kamar tsohuwar da ta gaji. Rumbunmu ya bi ta. Inna ta goya ƙanina ta ja hannuna, Baba ya kwance awaki. Iya ce ta fito ƙarshe, ruwa har cinyarta, da ƙunshin zannuwa a ka. Kowa ya ga zannuwa. Ni na ga wuyan gora ya ɗan turo ta gefe.

Makarantarmu tana kan tudu, can duk 'yan gangare suka taru. Mu aka ba mu aji huɗu, ajina. Lissafin da malam ya rubuta ranar Laraba yana nan a allo, ba wanda ya goge. Iya ta tura ƙunshinta ƙarƙashin teburin malam, ta shimfiɗa tabarmarta a gabansa. Daga tagar ajin ana hango fadama. Babu gona. Yashi da jan ruwa sun binne komai, har dawar Iya mai jure ruwa. Kwalbatin hanya ma ya karye, mota ba ta shigowa.

Mai unguwa ya ce tukunya ɗaya za a yi, kowa ya kawo abin da ya tsira da shi. Kuma an kawo, wannan ba zan ɓoye ba. Wata ta kawo wake kwano biyu, wani ya kawo rogon da ya tono da hannu cikin taɓo. Wadda aka ɗora kan girki ita ce ungozomar garinmu, doguwar mace mai kaifin harshe, wadda kusan duk yaran garin a hannunta suka faɗo. Ita ke rabo, yara farko.

A jikin katangar makaranta akwai siton wani attajiri mai sayen hatsi. Da mai unguwa ya same shi, a gaban kowa ya ce wallahi tun kafin damina ya kwashe komai ya kai birni. Ni kuwa kullum da safe, idan na zagaya baya, sai in ga tattabaru sun taru a ƙofar siton. Na tsuguna na duba. Layin tururuwa ne yake fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, kowace da guntun masara a baki. Na gani, na tashi, na koma aji. Ba wanda ya tambaye ni, kuma yarinya ba ta tashi ta ƙaryata dattijo.

A kwana na biyu matar maƙwabcinmu ta haihu a aji biyar, 'ya mace. A kwana na biyar tukunya ta ƙare. Nonon mai jego ya ƙi zuwa, kukan jaririyar ya koma siriri kamar na kyanwa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, muna ji.

Da la'asar ungozoma ta shigo ajinmu da ƙwarya a hannu, tana neman abin da za a dama wa mai jego. Baba ya miƙa mata ragowar irinsa na leda.

"Kashe su kake so in yi?" ta ce. "Wannan jan abin ko akuya ba a ba ta." Ta juya wajen Iya. "Yaya, ke fa?"

"Ni da me na fito ban da ƙasusuwana?"

Ungozoma ta bi ajin da kallo. Sai idonta ya tsaya a kaina.

"Ke, mai idanun nan. An ce ba abin da ke wuce ki. Tsakaninki da Allah, akwai abin ci a ɗakin nan?"

Ban ce komai ba. Ina so ku san wannan, ban buɗe baki ba. Amma idona ya tafi ƙarƙashin teburin malam, ya dawo. Shi ke nan.

"Wannan iri ne," in ji Iya, "ba abinci ba ne."

"Iri ba ya shiga ciki? Toka ce kawai, wankewa za a yi."

"Gonar ta tafi. Idan kika dafa wannan babu ita kuma, ko'ina."

"To taso ki je ki gaya wa uwar jaririyar da bakinki. Ni ba zan iya ba."

Iya ta daɗe tana kallon bangon da kukan ke fitowa ta bayansa. Sannan ta jawo ƙunshin, ta kwance, da hannunta ta fasa lakar. Ba ta kalle ni ba.

A bakin rijiyar makaranta aka wanke dawar, sau uku. Ruwan tokar ya bi ƙasa har ƙofar ajinmu, warin ya cika ko'ina. Aka niƙa, aka dama kunu. Mai jego ta sha har sau biyu, yara suka samu ludayi ɗaiɗai. Ni ma an miƙo mini, na karɓa na sha. Ya yi daɗi. Wannan ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Nonon ya zo. Bayan kwana biyu ruwa ya janye, aka cike kwalbati da duwatsu, babbar mota ta shigo da shinkafa da masara, da mutane masu ɗaukar hoto. Kwana biyu kacal. Mako na zagayowa attajirin ya buɗe sitonsa da rana tsaka, aka yi ta loda buhuna zuwa kasuwa, hatsi ya yi tsada. Mutane suka kalla suka kau da kai, don shi ne ya sayi kwanon da aka sake yi wa masallaci rufi da shi.

An yi aikin gayya sosai bayan damina. Yau a gidan wannan, gobe a gidan wancan, maza na kwaɓa ƙasa, mata na jido ruwa, har kowa ya koma ƙarƙashin rufi. Ranar da muka koma, na ga Iya ta kife goran a cinyarta tana bubbuga gindinsa. Ƙwaya tara suka faɗo, waɗanda suka maƙale a lakar wuya. Ta ƙulle su a bakin zane.

Da damina ta dawo ta shuka su a bayan sabuwar katanga, ta kewaye da ƙaya. Biyar suka fito. Kullum da safe nakan leƙa su kafin in tafi makaranta. Sun kai gwiwata aka yi wani ruwa mai ƙarfi da ya tsorata gari, aka yi shela samari su fito a haƙa magudana daga gangare zuwa ƙorama. Igiya suka ja don ta miƙe, igiyar kuwa ta bi ta bayan katangarmu. Iya ta tafi barka wata unguwa. Ina tsaye a zaure na ga sun janye ƙayar. Samari ne wajen ashirin, suna aiki suna tsokanar juna. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita.

Da ta dawo, babbansu ya goge gumi ya ce, "Haba Iya, kara biyar ne fa. Idan an yi girbi dami guda zan kawo miki."

Ta ce, "Allah ya yi albarka." Ta shige ɗaki.

Iya ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Tana ba ni ƙanzo, tana yi mini kitso kamar da. Abu ɗaya ne ya canza. Tun daga ranar kunun nan ba ta sake ce mini mujiya ba. Da sunana take kirana, kamar 'yar maƙwabta. Haka har ta rasu, damina biyu bayan nan.

Yanzu ina sakandare, kuma garinmu ya koyi shiri. Kafin ruwan farko ana fita a yashe magudana. Idan hadari ya haɗo da ƙarfi, ana sanarwa ta lasifikar masallaci 'yan gangare su hau tudu. An gina ɗakin ajiyar iri da bulo, a kan dandamali mai tsayin ƙugu. Ruwa ya sake zuwa sau biyu, ba wanda ya kwana a aji. Jaririyar nan ta shiga firamare. Takan wuce ta ƙofar gidanmu da jakar buhu, ta durƙusa ta gaishe da Inna. Ba ta san komai ba, kuma ba na so ta sani.

Hutun da ya wuce wani malamin gona ya zo yana bi gida-gida. Ya ce yanzu ruwa ya yi yawa, ana neman tsofaffin iri masu jure kwanciyar ruwa, a ajiye su a sabon ɗakin. Shugaban kwamitin shirin ambaliya ne ya rako shi, wato attajirin nan, makullin ɗakin iri a aljihunsa. Suka zauna a zaurenmu. Baba ya ce mahaifiyarsa ta taɓa yin wata dawa, amma shi bai riƙe kamanninta ba, a kira yarinyar.

Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su. Wannan karon muryata ta fita. Na faɗa masa ɗigon jan, da ƙaramar zangarniya, da yadda ganyenta ke tsayawa kore cikin ruwa. Yana ta rubutawa.

"Kai, yarinyar nan kin iya lura. To ina za mu same ta?"

"Mun sha ta," na ce.

Bai gane ba, ya kalli Baba. Attajirin ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ka gani ko, malam? Tsofaffinmu, Allah ya ji ƙansu, ba su iya ajiya ba."

Na ɗago na kalle shi. Tattabarun nan da layin tururuwa suna kan harshena. Baba ya yi gyaran murya, ya ce in je in kawo wa baƙi ruwa. Na tashi na kawo.

Goran yana ɗakina yanzu, a ragayar Iya. Da suka tafi na sauko da shi, na kife a tafin hannuna, na bubbuga gindinsa yadda na ga ta yi. Toka ce kawai ta zubo.